Zuwa Damagaram da Nana a Baya

Matamai

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, damina ta ƙi. Maigidana yana ci-rani a Kano, don haka wata rana ni kaɗai na goya 'yata Nana bayan sallar asuba, muka nufi tasha, za mu asibitin Damagaram. Shekararta uku, wuyanta bai tsaya ba. A wurin rabon abincin yara an ce tamowa ce. Ta ci har ta yi kumatu, amma jikin yana nan laƙwas. Haka yayanta Sani ya yi kafin ya rasu.

Kance zuwa Takeita

Motar ta cika da masu barin ƙauye, gonaki fayau hagu da dama. A shingen Takeita jandarmomi suka sauke mu duka, suna duba takardu. Rana ta ɗaga, jikin Nana ya ɗau zafi, ta fara sanƙarewa, idanunta suka juye. Na ruga wurin wani jandarma.

“Ranka ya daɗe, 'yata za ta mutu!”

Jandarman ya leƙa fuskarta, ya daka wa direba tsawa: “Kwashe su, ku tafi!”

Har Tirmini hannuna na kan ƙirjinta, ina jin ko yana motsi.

Damagaram

A asibiti wata likita ta sauko da zazzaɓin, ta daɗe tana tambayata game da Sani. Ta tambaya ko ni da maigida dangi ne. Na ce ɗan baffana ne.

“Ba yunwa ba ce,” in ji ta. “Cikin jikin mutum akwai ƙananan murahu da ido ba ya gani, su ke mai da abinci ƙarfi. Akwai kuma wasu sinadarai masu kula da su, suna gyara abin da ya lanƙwashe, balle in zafi ya tashi. Ina zaton nata ne ba sa aiki. Gado ne, kuma ba mu da na'urar tabbatarwa.”

“Magani fa?”

“Babu mai warkarwa. Ki tsare ta daga zazzaɓi, kada ta daɗe ba ta ci ba.”

Sai ta kalli cikina. Ban gaya wa kowa ina da juna biyu ba tukuna.

“Shi ma?” na ce.

“Yana iya tsira, yana iya ɗauka.”

Gida

Kashegari da la'asar muka sauka Matamai. Godiya ga Allah da ya maido mu da rai, da jandarman da ban san sunansa ba. Surukata ta tarye ni a zaure, ta kwance Nana daga bayana.

“Me suka ce?”

“Inna, bari in sha ruwa tukuna,” na ce.