Wayoyi Bakwai a Jakar Yaya Rahila

Shekara uku ke nan da rasuwar yayata Rahila, kuma har yau in na ji mashin ya yi shiru farat ɗaya sai in tsaya cak in waiga. Da wannan shirun na fara gane akwai matsala ran nan. Muna komawa ƙauyenmu daga Zuru, mu biyu a bayan Baba Danjuma, tsohon soja mai kabu-kabu, sai ya kashe inji muna cikin gangara. Mashin ya ci gaba da silala da kansa, na ji Yaya ta ƙanƙame jakar da ke tsakaninmu.

Bari in faɗi abin da ke cikin jakar, tunda a kansa ake ta surutu har yau.

Yaya malama ce a makarantar ƙauyenmu, can bayan Kanya. Mu bakwai ne 'yan mata da muka gama sakandare jarrabawa ba ta yi kyau ba, muna shirin sake zama. Ta samo mana wata manhaja ta darussa, lissafi da Turanci da kimiyya. Kana sauke darasin ya zauna a wayarka, ka kalla ko babu sabis. Sai dai a kulle yake zuwa. Dole wayar ta roƙi makulli daga masu manhajar, su turo, ta ɓoye shi a cikinta. Makullin kwana talatin yake yi ya mutu, sai an sake roƙo. Kuma kowace waya da nata. Mun gwada kwashe darussan a memori wajen mai cajin waya. Sun kwasu sarai, amma ko ɗaya bai buɗe ba.

Mu kuwa sabis ya daɗe da barinmu, tun da hanya ta ɓaci masu kai wa injin turken sadarwa mai suka daina zuwa. Don haka duk wata Yaya takan tattara wayoyin, ta ɗiga wa kowace jan farce kala daban don kar su rikice, ta naɗe su a ɗankwali, ta hau mashin zuwa Zuru gidan Gwaggonmu, ta karɓo makullai bakwai ta dawo. Wannan ne duk abin da ke jakar.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama.

A watan nan saura kwana tara makullan su mutu, labarin hanya kuma ba daɗi. Tsoro nake ji mata. Sai na ji ana cewa in ka mayar da kwanan watan waya baya, manhajar za ta ɗauka lokaci bai yi ba. Da yamma wayoyin suna caji a ɗakinmu, na bi su ɗaya bayan ɗaya na mayar da su wata guda baya. Ina ganin na yi dabara. Washegari duk wadda ta danna darasi sai rubutu ya fito cewa makulli ya lalace. Ashe masu manhajar sun san da wannan wayon, kuma horonsa shi ne a kashe makullin nan take. Jarrabawa ta matso. Tafiyar da za a yi bayan kwana tara ta zama ta ran nan.

Na ce zan raka ta. Na ɗauka ba ta sani ba. Sai da muka zauna a tsakar gidan Gwaggo, sabis ya kawo, ta zube mini wayoyin a cinya.

"To, Injiniya Saratu," ta ce, "gyara mana kwanan watan da kika ɓata, in ba haka ba ba za su ba mu ko rabin makulli ba."

Na fashe da kuka. Ta dungure mini kai. "Ke, rufe mana baki kar Gwaggo ta ce na dake ki. Ke kika kulle karatun? Ke kika tare hanya? Gyara, rana na yi."

Na gyara duka bakwai, kwanan wata da agogo. Makullan suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Muka ci tuwo muka kama hanya.

Ba zan ba da labarin gangaren nan dalla-dalla ba, ba zan iya ba. Baba Danjuma ya ce mu sauka mu shiga dawa. Yaya ta cusa mini jakar a ƙirji, ta tura ni dama, ita ta yi hagu. Washegari aka samo gawarta. Baba Danjuma ya rayu, da ɗingishin da yake yi har yau.

Tun daga zaman makoki nake jin magana ɗaya. Wai Rahila ta mutu a kan waya. Wai wa ya aike ta. Wata mata ta faɗa a bayan coci, ina jin ta da kunnena. Shekara uku na yi shiru, domin a zuciyata ina cewa in an bi diddigi ni ce na aike ta. Yau na gama wannan shirun. Na yi kuskure, na faɗa a jarida kowa ya karanta. Amma ba ni na riƙe bindiga ba, wayar ma ba ta riƙe ba. Waɗanda suka tare hanya su suka kashe yayata, kuma ba zan ƙara taya su ɗaukar kayansu ba.

Masu manhaja ma ina da magana da ku. Na san kuna tsare aikinku kar a sace, ban ce ku bar shi a buɗe ba. Amma wanda ya zauna ya yanke cewa kwana talatin sun isa, ya taɓa tambaya a ina za a samo sabis ɗin? A wajenku danna allo ne. A wajenmu hanyar Zuru ce, zuwa da dawowa, sau goma sha biyu a shekara. Na rubuto muku sau biyu ina roƙon ku tsawaita wa irinmu. Amsa ɗaya ta dawo, kalma bisa kalma, wai kun gode da ra'ayina. Zan sake rubutowa.

Da Yaya za ta leƙo yau, me za ta gani? Za ta ga mun dawo Zuru da zama, ni da Mama. Za ta ga huɗu cikinmu sun ci jarrabawar, Ladi, wadda wayarta ke da ɗigon kore, har tana koyon aikin jinya. Ni ban ci ba. Na zauna a ɗakin jarrabawa hannuna ya ƙi riƙe biro. Na san abin da za ta ce: "Sai ki sake, ai ba a kulle ƙofar ba." Na yi rajista bana.

Za ta kuma ga jakarta tana aiki. Wayoyin yanzu goma sha ɗaya ne, na ƙannen da suka taso. Ranar kasuwa Baba Danjuma yake kawo su daga ƙauye, yana shigowa yana cewa, "Ina Injiniya? Ga marasa lafiyarki." Shi kaɗai ya ji sunan nan daga bakinta a kan mashin, bai taɓa tambayar dalili ba. Ni tun da muka dawo Zuru ban sake hawa hanyar ba, ba zan yi ƙarya ba, har yau ba na iyawa. Amma a shekara ukun nan makulli ko ɗaya bai mutu a hannuna ba. Ajin yana nan a manhajar da sunanta, duk wayar da ta karɓi makulli sai ta rubuta: ajin Malama Rahila. An ce in canza. Na ƙi.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba. Ta bar aji wanda sai an sabunta shi duk wata, in an yi sakaci ya rufe. Wannan ne gadona, kuma ba zai rufe ina numfashi ba.

Ran da aka tare mu, na yi ta gudu cikin dawa har takalmina ya fita, ban san inda na nufa ba. Na ɓullo kusa da wani shingen sojoji. Wata tsohuwa mai sayar musu da abinci ta tare ni ta rungume, tana ƙoƙarin karɓar jakar, na ƙi saki. Ta ce, "Bar ta a hannunki, 'yata. Zauna. Kin tsira, ba mai taɓa ki a nan."

Ƙarfe biyar saura minti goma. Na tabbata, domin na buɗe ɗankwalin in ga ko sun fashe, duka bakwai suna nuna lokaci ɗaya. Ni na gyara su da hannuna.