Gurbin Mai Goge

Wani tsohon malamin makaranta ne ya kafa ƙungiyar kiɗanmu a Bagudo, mutumin kudu da ya yi ritaya ya ƙi komawa gida. Tica muke ce masa. Ya tattaro mu daga nan da can: mai kemis da ƙahonsa na coci, teloli masu begila, wani manomin shinkafa daga Kende mai sarewa, sai ni da babbar ganga, don an gwada ni a komai an ga nan ne ɓarnata za ta zo da sauƙi. Da damina rabinmu na gona, ranar kasuwa sauran na shago.

Kiɗa ɗaya Tica ya ƙwallafa rai a kai, wani dogon kiɗan Turawa da ya ji yana saurayi. A tsakiyarsa akwai inda kowa zai tsaya, goge irin nasu ya yi kuka shi kaɗai. Mu kuwa ba mu da mai goge. Na ce mu tsallake wurin, ya watsa mini harara. Don haka duk bikin da muka je, da mun iso nan sai mu yi tsit, shi yana kaɗa sandarsa a iska, ido rufe, har wurin ya wuce. Burinsa ya sake jin wurin nan da kunnensa kafin ya mutu.

Mutanen gari suka ɗauka tsayawa muke a yaba mana. Da mun yi shiru sai tafi, mata su rangaɗa guɗa. Shekara da shekaru haka, har shirun ya zama inda aka fi so a kiɗanmu, abin da ni dai ya tsaya mini a rai.

Tica ya tsufa sosai lokacin da aka ji labarin wani makaniken babur a tsallake, ƙasar Benin, da ya koyi gogen a coci. Da kansa ya hau kabu-kabu ya je ya roƙo shi. Mutumin bai samu zuwa gwaji ba. Ranar bikin rufe makaranta ya iso muna jera kujeru, ya ce ya san wurin da goge ke shiga a kiɗan.

Wurin ya zo, muka yi tsit, ya ɗora gogen a kafaɗa. Jama'a suka ɓarke da tafi da guɗa fiye da kullum, tunda ga baƙo. Ina kallon hannunsa yana kai da komo, ban ji komai ba. Suka ɗauke daidai inda suka saba, wato daidai inda ya ƙare. Kafin mu gama haɗa kaya ya hau babur, don ya haye kafin a rufe iyaka.

Tica ya zauna a benci, ya yafuto ni.

“Ɗana, kai ne kusa da shi. Ka ji?”

Tausayinsa ya kama ni. Na ce, “Na jiya, Baba. Ya yi daɗi ƙwarai.”

Ya gyara zama, ya lumshe ido, ya ɗaga sandarsa.

“To, rera mini.”