Kyaftin Ɗin Da Na Musanya Da Baƙi Uku

Da ana mayar da abin da ya wuce, musayar da na yi a ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando zan fara warwarewa. Shekaru sun ja, amma ba na jin zan manta da ita har in koma ga Allah.

Lokacin ni ne shugaban ƙungiyar a Faskari. Ba don na iya wasan ba, karatun ma a firamare na tsaya. Ni dai na tsaya aka zuba simintin filin, aka kafa ƙarafan kwando biyu, sai aka ce in riƙe. 'Yan wasanmu duk 'ya'yan manoma ne. Kyaftin ɗinsu wani dogon saurayi ne, ba zan ambaci sunansa ba. In ya ɗaga ƙwallo daga nesa, tun kafin ta faɗa kwando an fara tafi. Ranar wasa har daga Daudawa da Mairuwa ake zuwa a kan babura, in kuwa da 'yan Ƙanƙara za mu kara, sai an hau katanga.

Abu ɗaya ke ba ni haushi da shi. Da ruwa ya sauka sai atisaye ya watse. Duk mai zuwa kallonmu da noma ya fi ƙarfinsa, tsoho ne ko marar lafiya, kyaftin zai kwashi 'yan wasan su je su yi masa gayya. In zo fili da yamma in tarar da mutum uku, sauran suna gonar wani da fartanya. Ni a lokacin ɓata lokaci na ɗauki abin.

Ana nan wata ƙungiya daga birnin Katsina ta aiko tana son shi, za su ba mu 'yan wasa uku a madadinsa. 'Yan birni ne, ba ruwansu da gona, rani da damina suna fili. A zama ɗaya na amince. Ban shawarci koci ba, ban je wurin mahaifinsa ba, shi kansa ban gaya masa ba. A kasuwa ya ji.

Bayan la'asar ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum.

"Baba, wai da gaske an ba da ni?"

"Ci gabanka ne," na ce. "Birni za ka."

"To. Amma ranar Asabar akwai gayya a gonar Malam mai ciwon ƙafa. A bari in yi ta tukuna."

Na ce masa mota ranar Juma'a za ta tashi. A wurinmu yaro ba ya musu da babba, da wannan na fake. Ya tafi, gayyar ba a yi ba, ciyawa ta cinye gonar Malam a shekarar.

Baƙin sun iya wasa, ba zan yi musu ƙarya ba. Sai dai abokan kyaftin suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma duk wanda ya fita sai in ɗauko wani daga waje. Kafin damina ta zagayo, ɗan gari guda ya rage a ƙungiyar. Ranar da muka ci Ƙanƙara, wasan da da ake hawa katanga dominsa, na waiga na ga benci fayau, ana jin ƙarar ƙwallo a kan siminti.

Daga baya na haɗu da wani dattijo ɗan Mairuwa wanda da ba ya fashin wasa. Na ce, "Malam, an guje mu."

Ya ce, "Alhaji, in zo in kalli wa? Da in na zauna, nakan ce wancan ɗan wane ne, wancan shi ya yi mani maimai a gona bara. Yanzu rigar ce kawai tamu."

Da baƙin suka ga ba mai kallo, su ma suka kama gabansu. Wasu na cewa rashin tsaro ne ya hana mutane zuwa, musamman ta wajen Sabuwa. Akwai wannan, amma ni na san filin ya mutu tun kafin rashin tsaron ya zo. Yanzu in kaka ta yi, masara ake shanyawa a kan simintin.

Kyaftin yakan zo gida da salla, ya biyo ya gaishe ni, bai taɓa tayar da zancen ba. Ni ne bara na roƙe shi gafara. Ya ce, "Ba komai, Baba. Gonar Malam ce kawai ta tsaya mani a rai."

A nan na gane ashe ba ƙwallo mutanenmu ke zuwa kallo ba, 'ya'yansu suke zuwa kallo. Duk wanda aka ba shi riƙon ƙungiya a cikinku, ina roƙonsa kada ya yi irin tawa. Kafin ka ba da ɗan wasa, ka bincika gonar wa yake nomewa.