Motar da Ba Ta Son Gajeriyar Gaisuwa

Surukina ne ya ba ni motar, shekarar da 'ya'yansa suka hana shi tuƙi. Bai kira ni ya ce ga kyauta ba. An dai kawo ta ƙofar gidana a Minanata, aka miƙa wa maiɗakina makulli, aka ce Baba ya ce a ajiye masa ita a nan, kuma a riƙa motsa ta kada ta lalace. Duk wanda ya san gidajen malamai na cikin gari ya san ma'anar wannan. Na je na yi godiya, ya yi kamar bai ji ba, ya tambaye ni lafiyar yara.

Tsohuwar mota ce, fara, mai kafireto. Da safe bugu ɗaya take tashi, kuma tana iya zuwa Argungu ta dawo ba ta yi ko tari ba. Aibinta ɗaya ne, sai da bazara ta shigo na gano shi. Idan ta yi tafiya ta ɗauki zafi aka kashe ta na ɗan lokaci, ba ta sake tashi sai ta ga dama. In ka kashe ka kunna nan take, lafiya. In ka bar ta ta wuni, lafiya. A tsakani matsalar take, wato daidai tsawon lokacin da mutum ke ɗauka ya shiga gida ya gaisa, ya sha ruwa, a yi addu'a, ya fito. Rabin rayuwar magidanci a Sakkwato kuwa a wannan tsakanin take.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne rakiya. Mai gida ba ya komawa ciki sai ya ga tafiyar baƙonsa. Sai mu yi sallama a zaure, mu sake yi a jikin mota, in shiga in murɗa makulli, mota ta yi gurnani ta yi shiru. Mai gida ya ce a gaida gida. In ce gida zai ji. In sake murɗawa. Ya ce a gaida yara. Akwai wani gidan ta'aziyya da aka bi dangina ɗaya bayan ɗaya ana ba ni saƙon gaisuwa, har aka kai ga waɗanda mai gidan bai taɓa gani ba.

Bakaniken da na kai wa ita ya ɗora hannuna a kan wani ƙarfe da ke gefen inji, na janye da sauri. Ya ce sunansa manifol, ta cikinsa iska da mai ke bi su shiga inji. Muddin mota na tafiya, iska na ratsa shi tana sanyaya shi. Da an kashe, fanka ta tsaya, zafin inji ba shi da wurin zuwa sai ya hau wannan ƙarfen, ya kai ga kafireto, man da ke ciki ya zama tururi. Ya yanko wani kakkauran faifai da ya kira gasket ya raba ƙarfen da jikin inji, ya naɗe bututun mai da wani ƙyalle mai ƙyalli. An samu sauƙi har zuwa ƙarshen watan Maris. Daga nan rana ta fi ƙarfin gasket. Na koma, ya ce abin da ya rage shi ne in riƙa neman inuwa, in juya hancinta wajen iska, in ɗaga bonet duk inda na tsaya.

Haka na yi ta yi, kuma yana aiki. Amma ban taɓa bari maganar ta kai kunnen surukina ba. Ba a kai wa mutum ƙarar kyautarsa, balle suruki. Duk lokacin da ya tambaya, amsata ɗaya ce: lafiya lau take. Idan zan je gaishe shi, sai in ajiye ta can bayan masallacin unguwa in ƙarasa da ƙafa, in ce hanya ce ta cushe.

Ranar da abin ya zo mini wuya ita ce ranar ɗaurin auren 'yar ƙanensa marigayi, a Dundaye, can bayan gari, bayan sallar Azahar. Shi ne waliyyi, in babu shi babu aure. Dangin ango daga nesa suka zo, kuma a ranar za su juya. Maiɗakina ta wuce tun safe da sauran mata, ni aka bar wa ɗauko Baba. Na tsara abina: in ɗauke shi ba tare da na kashe mota ba, in miƙe kai tsaye, in sauke shi a ƙofar gidan biki, sannan in nemo mata bishiya a inda ba zai gani ba.

Ya fito da babbar riga da rawani, ya zauna a gaba, ya shafa gaban motar kamar wanda ya haɗu da tsohon maƙwabci. Mun ɗan taɓa tafiya sai ya ce, "Malam, mu biya ta Hubbare. Abokina na nan bai jin daɗi, in gaishe shi. Ba mu daɗewa."

Kalmar da na fi tsoro ke nan, ba mu daɗewa. Na ce to.

Gidan yana cikin wani lungu da babu ko kara ɗaya mai inuwa. Na tsaya, na bar inji yana aiki, na ce zan jira shi a mota.

"Kashe ta," in ji shi. "Mai ba ruwan rijiya na ba. Kuma taho ka gaida ubanka."

Na kashe. Na bari ya shige zaure, na zagaya da sauri na ɗaga bonet, na bi shi.

Abokin nasa tsoho ne irinsa, tare suka yi karatun zaure tun suna samari. Ciwon ƙafa ne kawai ke damunsa, bakinsa lafiya lau. Ya dubi surukina ya ce, "Wanga rawani na aure na, ko kai aka yi wa amarya?" Surukina ya ce in ma shi ne, ai ba za a gayyaci guragu ba. Aka kawo fura mai sanyi. Aka yi maganar wanda ya rasu da wanda ya kusa. Ni kuwa hankalina kwance, don na san bonet a buɗe yake, zafi na fita. Aka yi sallar Azahar a nan zaure, aka yi addu'a, muka miƙe.

Da muka fito ban ga mota ba. Abin da na gani tudu ne na tabarmi. An rufe bonet, an shimfiɗa tsohon bargo a kansa, an ɗora darduma, an bi gilasai da tabarmi, an danne gefuna da duwatsu. Manyan 'ya'yan gidan biyu, magidanta masu gemu, suna tsaye suna murmushin waɗanda suka sauke nauyi.

"Mun iske ta baki buɗe cikin rana," in ji babban. "Ba a barin motar baƙo haka ƙohwar gidanmu. Ko kaɗan rana ba ta taɓa ta ba."

Na yi godiya. Babu abin da zan yi sai godiya. Muka kwashe shimfiɗu, na taɓa bonet na ji kamar tanda. Surukina ya shiga ya zauna. Mai gida ya dogaro sandarsa ya fito rakiya.

Na murɗa makulli. Gurnani, shiru. Mai gida ya ce a gaida mutanen Dundaye. Na sake murɗawa. Ya ce a yi wa amarya barka. A karo na gaba sai ya leƙo ta taga ya dubi abokinsa.

"Halan ita ma ta tsufa?"

Surukina yana kallon gaba, yana jan carbi. Ni kuma na ce abin mamaki ne, ba ta taɓa yin haka ba.

Aka ce a tura. 'Ya'yan gida da wasu masu wucewa suka tura mu har bakin lungu, waliyyin amarya na zaune a gaba kamar ana zagayawa da shi gari. Ba ta tashi ba. Suka turo mu muka dawo. Wayata ta yi ƙara, maiɗakina ce. Ta ce liman ya zauna, an fito da goro, dangin ango sun fara tambayar ko akwai wata magana ne da ba a gaya musu ba. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Halin nata ta yi?" Na ce muna hanya.

Surukina ya buɗe ƙofa ya fita. Bai dube ni ba. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ɗan kabu-kabu, ya tattare babbar riga ya haye bayan babur, abin da na tabbata rabonsa da yi tun kafin a haifi mai babur ɗin.

"Riƙe rawani da kyau," in ji abokinsa. "In ya hwaɗi, ba a gane ka."

Suka tafi. Na ɗaga bonet na tsaya. Mai gida ma ya tsaya, don har yanzu akwai sauran baƙo. Na roƙe shi ya shiga ciki, ya ce ina, ai ba a haka. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya ɗauko murfin kwali yana yi wa inji fifita. Muna nan har zufa ta jiƙa mini hula, sannan na gwada, ta tashi kamar ba ita ba.

Bayan gadar da ke hanyar Dundaye na hango su. Mai babur na tafiya a hankali saboda girman kayan da ya ɗauko, iska ta cika babbar riga ta kumbura. Na matso kusa, na sa hannu ina nuna su tsaya ya dawo mota. Surukina, hannu ɗaya a kan rawani, ya kaɗa mini ɗayan.

"Wuce, Malam. Kak ka tsaya. In ta mutu nan, babu inuwa."

Na wuce. Sai da na yi nisa maganar ta zauna mini: mutumin da bai san halin mota ba, ba ya zancen inuwa.

Kusan tare muka isa. Aka gyara masa rawani, ya shiga ya zauna, aka ɗaura aure, dangin ango suka saki fuska. Ni ina can gefe, na kasa haɗa ido da shi.

Da jama'a suka fara watsewa ya iske ni a gindin darbejiyar da na ajiye mota, bonet a ɗage. Ya daɗe yana kallon injin.

"Ina buhun?"

"Wane buhu, Baba?"

"Na cikin but ɗin mota. Irin na gyaɗa. Da shi anka kawo maka ita. Jiƙa shi aka yi, a ɗora mata ga wuya in an tsaya."

Na tuna da shi. Tun makon farko maiɗakina ta fitar da shi ta zuba albasa. Na ce yana gida, wanda kuma gaskiya ne.

"Na sani," ya ce. "Na gan shi cikin madahwarku."

Buhu ba ya wuya a Dundaye. Ya aika gidan biki aka kawo ɗaya, ya sa aka tsoma shi a randa. Ya naɗe hannun riga, ya karɓa, ya matse, ya shimfiɗa shi daidai kan ƙarfen nan, ya danna gefensa da yatsa. Buhu ya yi ta huci. Muka tsaya, shi yana jan carbi, ni ina kallon gonaki, har hucin ya lafa. Ya ɗauke buhun ya miƙo mini, ya zagaya ya shiga gaba.

"Bugu guda," ya ce. "Kuma kak ka taka totur."

Na murɗa makulli, ta tashi. Muna hawa titi ya tambaye ni lafiyar motar dai, tana yi mini aiki ko? Na ce lafiya lau take, Baba. Ya ce madalla.