Ya Kaltum da Tunkiya Mai Cikin Tagwaye

A unguwarsu da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Nguru, kowa ya san Ya Kaltum da kiwon tumaki. Ba gadonsa ta yi ba. Mijinta, Goni Ajimi, fataucin busasshen kifi yake yi tsakanin Dagona da Gashuwa, har ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida. A lokacin ne yayanta Dauda ya aiko mata da tunkiya ɗaya daga Karasuwa, ya ce ta riƙe. Sannu a hankali bayan ɗakinta ya cika da tumaki.

Cikinsu akwai wata fara mai dogayen kunnuwa da take kira Hajiya, saboda tafiyar ƙasaita da take yi. Wani rani Hajiya ta ɗauki ciki, ya yi girma har da ƙyar take tashi. Kaltum ta taso tana jin manya suna cewa a rage wa tunkiya abinci idan cikinta ya tsufa, kada ɗan ya yi ƙiba ya ƙi fita. Sai ta janye dusa, ta bar ta da busasshiyar ciyawa.

Ba a daɗe ba Hajiya ta ware daga 'yan'uwanta. Ta daina ci, takan jingina kai da bango tana cizon haƙora, ido a buɗe amma ba ta gani. Asibi maƙwabciyar Kaltum ta ce iska ce, aka yi ta yi mata turare, ba sauƙi. Goni ya sa aka kira Alamin, malamin dabbobi.

Alamin ya durƙusa ya shinshina bakinta, ya shafa cikin.

"Ya Kaltum, ba iska ba ce. Biyu ne a ciki. Suna girma, suna matse mata tumbi, abin da take ci bai isa ba, sai jiki ya koma cin kitsensa. Shi ne ya zama mata guba."

"Za ta tashi, Malam?"

"Za mu gwada, amma an makara."

Ya ɗura mata wani magani mai kauri da zaƙi, ya yi mata allura. Ba ta tashi ba. Da aka ga za ta tafi, aka yanka ta, aka tarar da 'yan raguna biyu. Ranar nan Kaltum ko girki ba ta iya ba.

Tun daga nan, da zarar haihuwa ta kusa, takan ware masu manyan ciki gefe, ta riƙa ƙara musu dusa, kowar wake da harawa kaɗan-kaɗan, ga gishirin lasa a rataye. Kwalbar maganin nan ba ta yankewa a ɗakinta. Wadda ta ga ta fara juya wa abinci baya, takan ɗura mata, ta aika wa Alamin. Asibi ce ta fara turo mata matan unguwa su ga yadda take yi.

Bara Allah ya yi wa Goni rasuwa. 'Yarta Mardiyya, mai aure a Gashuwa, ta zo ta ce, "Inna, ki tattara ki dawo wurinmu."

"To, bari waɗannan su haihu tukuna."

Sun haihu lafiya, wasu kuma sun ɗauka. Har yanzu tana Nguru, Mardiyya ce ke zuwa.