Mariya Mai Kibiya da Hannun Malam Mahdi

Kafin motocin gwari su gama sauke kabeji a kasuwar Farin Gada ta Jos, Anti Mariya ta riga ta ɗaga ƙofar shagonta a Titin Bauchi. Shagon bai fi ɗakin girki girma ba. Tebur ɗaya ne, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi, sai benci a bakin ƙofa wanda ɗalibai da masu yawo irinmu muka gama cinye masa fenti. Takan goge teburin, ta hura hannuwanta saboda sanyi, ta tsiyayi shayi daga filas. Sannan ta dubi wanda ya riga kowa zuwa ta ce, "To, buɗe ta ka yi abin da ka saba yi. Ni kallo zan yi."

Gyaran laftof ne sana'arta, musamman tsofaffin nan na gwanjo da masu su suka fidda rai. Takan zuba musu Linuks, manhajar da ke tuƙa kwamfuta wadda ba a kulle cikinta ba, kowa na iya leƙawa ya karanta, ya gyara abin da bai yi masa ba. Sai ka ga laftof ɗin da ke nishi kamar tsohuwar tifa a hawan dutse ta miƙe tana gudu. Amma sunan da ya bi ta, Mai Kibiya, daga wani wuri ya fito. A ƙasan maɓallan kowace laftof akwai ɗan fili mai santsi da ake goga yatsa a kai, tocfad, shi ke jan kibiyar da ke yawo a allo. Idan kibiyar nan ta ƙi motsi, ko ta kama rawa ita kaɗai, duk layin wurin Anti Mariya ake turo mutum.

Mun ga abubuwa a bencin nan. Mun ga ɗalibar da ta zo tana rantsuwa an yi wa kwamfutarta asiri, kibiya na tsalle ba wanda ya taɓa ta. Anti ta tambaye ta, "Da janareta kike aiki?" Ta zare cajar daga jiki, kibiya ta tsaya cik. Mun ga direban da tocfad ɗinsa ya ƙi dannuwa, ta ɗora tafin hannu a kai, ta ce batir ne ya kumbura yana turo shi daga ƙasa, ka cire shi yau kafin ya ƙone maka ɗaki. Mun ga wanda ɗansa ya danna maɓallin da ke kashe tocfad, ta danna masa shi sau ɗaya, ta ce ya gaida yaron. Ba ta taɓa ɗaukar sukuddireba kafin ta gama kallon mutum ba.

Yanzu idanunta sun fara gajiya da ƙananan kusoshi, za ta rufe shagon ta koma Vom wurin maigidanta da 'yan shanunsu. Kowa a layin yana da labarinta. Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne na Malam Mahdi, kuma shi da kansa yake ba da shi yanzu ga duk wanda ya zauna a shagonsa.

Malam Mahdi tela ne, gwanin aikin wuyan riga. Wanda ya taɓa sa aska takwas ta hannunsa ba ya kai ɗinki wani wuri. Sai gobarar janareta ta kama a shagonsa, ya shiga kashewa, wuta ta ci hannuwansa biyu. Da suka warke, yatsun sun nannaɗe sun manne, ba allura, ba almakashi, ko maus ɗin kwamfuta ba ya iya riƙewa. Wani abokin sana'arsa mai injin surfani na zamani ya ce masa, "Zanen yana kanka, ba a yatsunka ba. Ka zana a kwamfuta, injina zai ɗinka." Aka samo masa tsohuwar laftof mai Linuks da manhajar zane. Abin da ya rage masa shi ne gaɓar yatsa, wadda zai iya gogawa a tocfad.

Kibiya ta ƙi shi. Matarsa Habiba ta taɓa, kibiya ta tafi. 'Yarsu Salma ta taɓa, ta tafi. Shi ya ɗora gaɓarsa, sai ta tsaya kamar an kafe ta da ƙusa. Ya ce a ransa, har ƙarfe ya ƙi hannun nan. Ya aika wa mai ginin shagonsa cewa ƙarshen wata zai mayar da makulli, ya koma zaman zaure, hannuwa cikin hannun riga. Tun bayan gobarar ba wanda ya sake ganinsu a waje, kuma ba wanda ya tambaya. Kowa kara yake yi masa, a gaishe shi a kawar da ido.

Habiba ce ba ta haƙura ba. Ta ɗauko laftof ɗin a cikin zani ta kawo Titin Bauchi, ta ce kibiya ce ke tsayawa, mai ita kuma ba ya jin daɗi. Maganar hannu ba ta fito daga bakinta ba, domin sirrin mijinta ne. Anti Mariya ta sassauta dokarta saboda mara lafiya. Ta duba waya, ta duba batir, ta duba saituna, ta goga yatsa, kibiya na tafiya sumul. Ta ce ba ta ga komai ba.

Ba a daɗe ba sai ga Habiba ta dawo. Chukwunonso, maƙwabcin Anti mai sayar da caja da batura, ya leƙo ta saman kantarsa.

"Madam, wannan mata ya dawo kuma! Ka sa mashi sabon tocfad kawai, ina da shi original."

"Nonso, kai ko ciwon kai aka kawo maka, sabon kai za ka sayar."

"In akwai a kasuwa, me zai hana?"

Ta bar shi yana dariya, ta karkata laftof ɗin a ƙarƙashin fitila. A kan tocfad akwai wani maiƙo mai faɗi, ba irin ɗan tabon da kan yatsa ke bari ba. Ta kai shi kusa da hanci. Man kaɗanya ne, wanda ake shafa wa tabon ƙuna don ya yi laushi. Sannan ta rufe laftof ɗin a hankali.

"Ƙanwata, ba zan tambaye ki komai ba. Amma ki ce da baban yaran ya zo da kansa."

Habiba ta sunkuyar da kai. "Anti, ba ya fita."

"Ki ce masa ba zan dube shi ba. Alkawari ne."

Ya zo a keke napep tare da Habiba da rana tsaka, cikin babbar riga, hannuwa a ɓoye. Chukwunonso ya miƙa masa hannu, Malam Mahdi ya ɗan rusuna kawai, hannun maƙwabcin ya tsaya a iska. Malam Mahdi yakan ce a lokacin saura kaɗan ya juya. Abin da ya tsayar da shi shi ne abin da ya tarar a cikin shagon. Anti Mariya ta saki labule, ta jona laftof ɗinsa da babban allonta ta doguwar waya, ta ajiye masa ita a kan kujera a bayanta, ita kuma ta zauna tana fuskantar bango.

"Sannu da zuwa, Malam. Yau da ƙeyata za ku yi magana, ka yi haƙuri da ita, ba ta iya gaisuwa ba."

Bai san lokacin da murmushi ya kuɓuce masa ba.

Ta buɗe baƙin allon nan da ake buga umarni, ta kira wani ɗan ma'auni da ke nuna girman duk abin da ya sauka a kan tocfad. Ta ce Habiba ta taɓa. Layi ya fito, ƙaramar lamba. Ta ce, "Yanzu kai, Malam, yadda ka saba."

Sannan aka ji motsin yadi. Layi ya fito a allo, lamba babba, da wata alama a gefenta.

"Sake."

Wani layin, alama iri ɗaya.

Anti Mariya ta sauke numfashi. "Malam, ashe tana jin ka."

"Hajiya, ba sai kin lallashe ni ba. Na san hannun ne."

"Ni ban iya lallashi ba, ka tambayi Nonso. Ga shi a rubuce, duk taɓawar da ka yi ta ji. Abin da ya faru, waɗanda suka rubuta manhajar sun koya mata cewa idan abu mai faɗi ya sauka, tafin hannun mai buga rubutu ne ya jingina bisa kuskure, ta yi kamar ba ta ji ba. Gaɓarka ta fi kan yatsa faɗi, sai ta ɗauke ta a matsayin tafin hannu. Kara take yi maka, Malam, irin wadda duk muke yi maka."

Habiba ta rufe baki da mayafi.

"To ana iya hana ta?" Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Da a ce irin wadda aka kulle ce, sai mu jira masu ita su tuna da kai. Wannan kuwa a buɗe take. Awon da aka ba ta zan canza, in sa naka."

Ta buɗe wani ɗan fayil, ta rubuta layuka kaɗan, ta kashe laftof ɗin ta kunna. Ya taɓa. Kibiya ta ɗan zabura, ta yi taku ɗaya, ta sake kafewa. Ya fara janye hannu.

"Kar ka mayar da shi riga, ina jin motsinka," in ji ta, ba tare da ta waiwaya ba. "Awo ne bai kai ba. Kai da ka saba, ana yanka riga a gwaji ɗaya?"

Ta sa ya danna da ƙarfi, ya danna a hankali, ya ja gefe, tana karanta lambobin. Ta ɗaga awon, ta sake kunnawa.

Kibiya ta tashi daga kusurwar allo ta ratsa shi har ɗaya gefen. Ta dawo. Ta yi da'ira. Habiba ta buɗe masa manhajar zane, sai ga layi yana fitowa a babban allon da ke gaban Anti Mariya, yana rawa da farko, sannan ya daidaita, ya lanƙwasa, ya yi tsini. Bakin aska ne, irin na wuyan riga, wanda duk Jos ta san hannun da ke fitar da shi. Chukwunonso, da ya manna kunne a katakon da ya raba shagunan, ya ce bai taɓa jin shagon nan ya yi tsit haka ba.

Can Malam Mahdi ya ce, "Hajiya, juyo."

"Na yi alkawari."

"Ni na warware shi. Juyo."

Ta juyo. Hannuwansa biyu suna kan laftof, a fili. Ta dube su sosai, yadda take duban cikin inji, ba ta ce wayyo ba, ba ta ce sannu ba. Ta ce, "Ka ɗan karkata gaɓar nan ta gefe, layin zai fi fita siriri. Kuma ka rage man kaɗanyar kafin ka zauna aiki."

Ya karkata. Layin ya fita siriri.

Anti Mariya, ke ce kika gane cewa ba kowane gyara ke cikin inji ba. Ke ce kika iya kawar da ido lokacin da mutum ke buƙatar a kawar, kika kuma iya dubawa kai tsaye lokacin da ya ce a duba. Mu da muke zaune a bencinki muna ganin kamar lambobi kike karantawa, ashe mutane kike karantawa. Mai Kibiya, wadda ba ta ɗaukar sukuddireba sai ta ga hannun mai kaya.

Makullin shago bai koma wurin mai gini ba. Malam Mahdi yana can yana zana, injin abokinsa yana ɗinkawa, masu riguna sun dawo. Ranar da Anti ta fara kwashe kayanta, sai ga shi ya sauko daga keke da ƙaramar riga mai gajeren hannu, yana rungume da mayafi a ƙirji. An yi wa bakin mayafin surfani da ƙananan kibiyoyi, suna bin juna har suka zagaye shi. Kafin ya shiga, ya tsaya gaban kantar Chukwunonso ya miƙa hannu.

"Oga Nonso, akwai gaisuwar da ban amsa maka ba."

Chukwunonso ya kama hannun da nasa biyu, kuma karon farko a tarihin layin nan bai yi tallan komai ba.

Mun gode, Anti Mariya. Allah ya hutar da gajiyarki, ya ƙara wa idanun nan haske, ya sa iskar Vom ta karɓe ki. Ku kuma da kuka rage a layin, masu gyaran waya da laftof da duk wanda ake kawo wa abu a ce ya lalace, ku ɗauki wannan daga gare ta. Idan kun gwada da yatsanku kun ga yana aiki, kada ku ce lafiya lau. Ku ja kujera, ku ce mai shi ya zauna, ya taɓa da nasa hannun.