Hiske Feenstra Ta Ajiye Sandar Awon Ƙanƙara

Idan sanyi ya kwana uku a jere bai sassauta ba, mutanen Terwier sun san abin da za su gani da safe. Ƙarfe bakwai da rabi, gari bai gama wayewa ba, Hiske Feenstra za ta fito da kekenta, gatari a ɗaure a baya, igiya a kugu, doguwar sandar awo mai ƙugiya a kafaɗa. Za ta jingine keken a bakin mashigin ruwa, ta ɗora ƙafa ɗaya tukuna a kan ƙanƙarar da ta rufe ruwan, ta tsaya tana saurare. Sai ta sara rami, ta zura sandar, ta maƙale ƙugiyar a ƙasa, ta duba kaurin. Ta ƙara gaba taku ɗari, ta sake sarawa. Haka za ta bi mashigin har babban tafki, ba ta karya kumallo sai ta gama. Kafin ƙarfe goma tana tsaye a ƙofar gidan kofin da ke tsakiyar gari, ta ɗauki alli ta rubuta a allo: a hau, ko kada a hau.

Shekara talatin da huɗu ke nan tana wannan, ba albashi ba lada. Aikin da ya ciyar da ita raba wasiƙu ne. Muƙamin kuwa tun zamanin kakanni Sarkin Ƙanƙara ake kiransa, kuma da mace ta karɓa ba wanda ya ga dalilin canja sunan. A hunturun bana ta ajiye sandar, tana da shekara sittin da bakwai.

Ba a iya ba da labarin Hiske ba a ba da na yayanta Douwe ba, domin ba wanda ya sa mata ido tsawon shekarun nan kamarsa. Douwe ya girme ta da shekara huɗu. Shi ne gwanin garin a zamiyar kan ƙanƙara, wadda ake yi da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, sau uku yana cin tseren tafki, kofunansa suna nan a jere a gidan kofi har yau. Shekara ashirin yana shugabancin ƙungiyar 'yan zamiya. Shi ke riƙe lasifika ranar bikin hunturu, shi ke tarbar baƙi, hotonsa ke fita a jarida. Duk abin da mutum zai so a garin nan Douwe ya samu, ban da sandar nan.

Ta mahaifinsu ce, Tjalling, wanda ya yi sarautar kafin ita. Da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala, sai ya ɗauki 'ya'yan biyu ya kai su tafki wata safiya. Ya buga gindin sandar a kan ƙanƙara, ya ce, "Me kuka ji?"

Douwe ya ce, "Za ta ɗauke ni, Baba."

Hiske ta ce, "Za ta ɗauke shi. Ban yarda za ta ɗauki waɗanda za su biyo bayansa ba."

Tsohon ya miƙa mata sandar a wurin. Douwe ya juya ya zame har ƙarshen tafkin ya dawo, don kowa ya ga ƙanƙarar ta ɗauke shi. Ta kuwa ɗauke shi. Amma abin bai bar ransa ba.

Abin da ya fi ci masa rai ba muƙamin ba ne, tambayar mutane ce. Zai fito da safe, a gaishe shi da girmamawa, "Shugaba, an tashi lafiya?" Kafin ya gama amsawa sai a ɗora, "Me Hiske ta ce?" Har a cikin gidansa bai tsira ba. Ya taɓa gaya mini cewa wata rana ya dawo daga tafki, ya ce wa matarsa Jitske ta shirya jikokinsu su je, ƙanƙara ta yi ƙarfi. Jitske ta ce to, ta shiga ɗaki, sai ya jiyo ta tana kiran Hiske a waya da ƙaramar murya.

"Shekara hamsin ina kan ƙanƙarar nan," in ji shi. "Ita ko tseren yara ba ta taɓa ci ba. Tana zamiya kamar mai ɗauke da ƙwai."

Gaskiya ne, ba ta taɓa cin tsere ba. Abin da muka gani ta yi daban ne. Mun ga ta bi gida gida bayan Kirsimeti tana tattara itatuwan ado da aka jefar, ta ja su zuwa tafki ta kewaye ramukan da agwagi suka hana daskarewa, don baƙon da bai san wurin ba ya gan su daga nesa. Mai kula da injin jan ruwa ya ce babu hunturun da ba ta zo ta zauna masa a ofis ba, ba ta tashi sai ya yarda ya kashe injin na kwana biyu ruwa ya kwanta ya daskare. Wasu ma'aurata tsofaffi da suka zo hutun kwana uku daga Jamus sun kauce hanya, mijin ya burma har ƙirji. Hiske ce ta kwanta rub da ciki ta jefa masa igiyar kugunta, ta kai su gidanta, ta ɗumama musu miyar wake. Duk shekara suna aiko mata da kati, ita da kanta take kai wa kanta, tunda ita ce mai raba wasiƙun.

Ke ce mai kunnen ƙanƙara, Hiske. Ke ce kike fita kafin kowa, ki koma gida lokacin da ake fara kiɗa. A cikin shekara talatin da huɗu ba a fitar da gawa ko ɗaya daga ruwan Terwier ba, kuma irin wannan ba a ba da kofi a kansa.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka yi hunturun da ba a manta ba. An yi shekara bakwai ƙanƙara ba ta kama yadda za a yi babban zagayen 'yan zamiya ba, sai ga shi ta kama. Labari ya bazu. Masaukai suka cika, har ɗakunan da ke saman rumbunan manoma aka gyara wa baƙi. Ana sa ran motocin safa daga birane, masu rumfunan kofi da waina sun kafa kayansu a bakin ruwa, gidan talabijin ya ce zai zo. Douwe ya sayi sabon injin huda ƙanƙara, ya auna da kansa, ya samu santimita goma sha biyar ko'ina.

Ana jibi biki kwamiti ya zauna a gidan kofi. Hiske ta shigo da sandarta, ta ce hanya duka ta yi, ban da ƙarƙashin Gadar Maƙera.

"Na auna wurin," in ji Douwe. "Sha huɗu."

"Ni ma na auna. Sha huɗu ne. Amma ruwan yana tafiya a ƙasa, yana cin ta. Sautinta bai yi mini ba."

"Sauti. Mutum dubu uku za su zo, kina mana zancen sauti?"

"Don su dubu uku ne nake zancen. A shimfiɗa tabarmin roba a tudu, su fito su taka, su sake shiga bayan gadar."

"Su taka? A tsakiyar tsere, a gaban kyamara, kamar agwagi? Hiske, Baba sanda ya ba ki, bai ba ki garin ba."

"Ka rubuta a allon da kanka, to, Shugaba. Ga alli."

Ba wanda ya taɓa allin. Washegari da hantsi Douwe ya ɗaura takalman zamiyarsa, ya kira duk wanda ke kusa ya zo ya gani. Ya shige ƙarƙashin gadar da gudu, ya fita ta ɗaya gefen, ya juyo ya sake shigewa. Sau huɗu. Ƙanƙarar ko tsagewa ba ta yi ba. Aka tafa masa. Da yamma aka kaɗa ƙuri'a, mutum takwas cikin tara suka bi Hiske, cikinsu har da waɗanda suka tafa. Ni ma ina cikinsu. Na ga fuskar Douwe a lokacin, ban so na gani ba.

Aka yi bikin da tabarmi. 'Yan tsere suka yi ta tuntuɓe a tudu, wanda ke gaba ya faɗi, wani ya wuce shi. Talabijin ta nuna wurin sau uku ana dariya. Wata jarida ta rubuta cewa tsoron wata mai raba wasiƙu ya ɓata tsere mafi kyau a shekarar. A gari ma an yi ta gunaguni, domin kowa ya ga Douwe ya wuce lafiya. Wasu sun daina gaishe ta na ɗan lokaci. Hiske ba ta kare kanta ba. Ranar Litinin ta ɗauki jakar wasiƙu, ta kai wa kowa jaridar da ta zage ta.

Abin da ba mu sani ba sai watan jiya, da Douwe ya zo gidana. Ya ji ina rubuta wannan jinjina. Ya zauna bai cire hularsa ba, ya ƙi kofi.

Ya ce ranar bikin, wajen ƙarfe biyu na rana, kowa yana tafki wurin kiɗa, shi kaɗai ya zame ya koma Gadar Maƙera. So yake ya sake wucewa, ko don ya huce. Da ya matso sai ya ga launin ƙanƙarar ya canja, ta yi duhu. Ya tsaya. Ya hau tudu ya samo jan bulo ɗaya, ya jefa tsakiyar wurin da ya wuce jiya. Bulon ya shige kamar an jefa shi cikin miya, ruwa ya taso baƙi ƙirin.

"Da an bi maganata, jim kaɗan bayan nan ta wurin ayarin iyalai zai wuce," in ji shi. "Masu tura yara a kujera. Jitske tana cikinsu."

Na ce, "Ka gaya wa wani?"

"Na koma na riƙe lasifika."

"Shekara goma sha ɗaya, Douwe."

"Na sani. Duk hunturu nakan ce bana zan faɗa. Sai in fito, wani ya ce mini me Hiske ta ce, sai in haɗiye." Ya cire hular ya murɗa ta. "Ka rubuta. Kada dai ka sa ni in faɗa a gabanta."

Amma a gabanta ya faɗa. Ranar Asabar aka yi mata walima a gidan kofi, aka cika maƙil. Hiske ta miƙa sandar ga Rinske Bouma, likitar dabbobin garin, wadda ta yi hunturu tara tana bin ta wajen sara ramuka. Douwe ya bi sandar da ido daga hannu zuwa hannu. Shekararsa saba'in da ɗaya, ya san ba shi za a ba ba, duk da haka sai da ya bi ta da ido. Da aka ce shugaba ya yi jawabi, ya ninke takardar da ya rubuto ya sa aljihu, ya ba da labarin bulon daga farko har ƙarshe, yana kallon ƙasa. 

Hiske ta ajiye kofinta ta ce, "Ai na sani."

Ya ɗago. "Kin san me?"

"Na koma duba gadar da yamma. Na ga ramin, na ga sawun takalmi. Duk garin nan kai kaɗai kake jan ƙafar hagu haka."

"Me ya hana ki magana? Ana ta zagin ki."

"Ba nawa ba ne in faɗa. Jira nake."

 Sai Douwe ya juya ga jama'a ya ce, "Kun gani ko? Ko asirina ma ta riga ni sani." Aka yi dariya, shi bai yi ba sosai. Ya zauna kusa da ita, ta tura masa farantin wainarta, ya ci.

Ba zan ce kishin ya tafi ba. Da muke fita ya ce mini a kunne, "Har yanzu ba ta iya juyawa a kan ƙafa ɗaya ba." Kuma in gaskiya za a bi, ba Douwe kaɗai ba ne. Da yawa cikinmu mun so a ce maganarmu tana da nauyin tata, kalma biyu a allo gari duka ya tsaya ko ya tafi. Mun so nauyin, ba mu so fitar safiya da gatari ba.

Mun gode, Hiske. Mun gode da safiyoyin da yatsunki suka ƙage muna cikin bargo. Mun gode da ranar da kika zaɓi a yi miki dariya a talabijin. Baƙin da suka zo hutu suka koma gida da hotuna ba su san sunanki ba, ba su san akwai abin da aka tsare musu ba, don haka mu da muka sani muke gode miki a madadinsu.

Ku kuma matasan Terwier da na sauran garuruwan bakin ruwa, masu son tsere ba su yi kaɗan ba, layinsu kullum a cike yake. Rinske tana neman mutum huɗu masu ɗaukar gatari da tsintsiya a hunturu mai zuwa. Takardar tana manne a ƙofar gidan kofi, kuma jiya da na wuce babu suna ko ɗaya a kanta. Ba hoto, ba kofi, wata rana ma har da zagi. Ku je ku rubuta.